Hira, Zama ko Takarda: Yadda Sabon Mai Bincike Zai Zaɓi Dabarar da ta Dace da Tambayarsa

A sassan nazarin zamantakewa na jami'o'inmu, daga Bayero zuwa Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo, babi na uku ne yake tsayar da yawancin ɗaliban digiri na biyu. A nan ake so ɗalibi ya faɗi dabarar da zai bi ya tattara bayanai. Hanyoyi biyu ne manya a gabansa: binciken ƙididdiga, wanda ake raba takardun tambayoyi a fitar da alƙaluma, da binciken zurfafa fahimta, wanda ɗalibai ke kira kwalitetif, inda ake hira da mutane, a zauna cikinsu, a karanta takardunsu. Da yawa suna ɗaukar ta biyun ne don gudun lissafi. Wannan shi ne mafi raunin dalili, kuma mai shi yakan gane haka ranar da ya tarar da shafi ɗari huɗu na hira a gabansa, bai san ta ina zai fara ba.

Abin da ya kamata ya zaɓa maka dabara shi ne tambayarka, sannan wurin da amsarta take. Wata amsar tana bakin mutum ɗaya, ba zai faɗe ta a gaban kowa ba. Wata tana cikin abin da jama'a suka yi tarayya a kai. Wata kuwa babu mai iya faɗinta, domin masu yin abin ba su ma lura suna yi ba, sai an gani da ido.

A ɗauki misali guda. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 67 cikin ɗari na masu juna biyu a Nijeriya sun je awo wurin ƙwararrun ma'aikatan lafiya, amma kashi 39 ne kawai na haihuwa aka yi a asibiti, kuma a arewa maso yamma adadin bai kai ɗaya cikin biyar ba. Ƙididdiga ta gama nata aikin, ta nuna girman giɓin. Abin da ba ta faɗa ba shi ne yadda mace za ta je awo sau huɗu ko biyar, ta karɓi magani, ta san nas ɗin da suna, amma daren naƙuda ta haihu a ɗakinta. Wa ya yanke shawarar? Da ƙarfe nawa? Me aka ce, wa ya yi shiru? Tambayar da ta fara da "yaya" ko "me ya sa" irin wannan ita ce ta binciken zurfafa fahimta. Idan kuwa abin da kake son sani shi ne mata nawa ne, ko kuwa ilimin boko yana da alaƙa da haihuwar asibiti, koma ga takardar tambayoyi. Hira da mata ashirin ba za ta taɓa ba ka kashi cikin ɗari ba, kuma wanda ya rubuta "kashi 65 na waɗanda aka yi hira da su" alhali mutum goma sha uku yake nufi, ya haɗa dabaru biyu ya ɓata duka.

Hira da mutum ɗaya

Ita ce dabarar da ta fi dacewa da sabon shiga, kuma ita ce aka fi ɓatawa. Ana shirya jagorar tambayoyi da ba ta wuce manyan tambayoyi takwas zuwa goma sha biyu ba, kowace da ƙananan da za a bi ta da su idan hali ya yi. Hirar takan ɗauki minti 45 zuwa 90. Wadda ta ƙare cikin minti goma sha biyar, takardar tambayoyi ce aka karanta da baki.

Kuskuren farko yana cikin siffar tambayar. "Me ya sa ba ki haihu a asibiti ba?" tuhuma ce, kuma amsarta a shirye take: haka Allah ya so, ko haihuwar ce ta zo da sauri. Gaskiya ne, amma ba ta kai ka ko'ina ba. Gwada haka: "Ba ni labarin ranar da kika haifi na goyen nan, tun daga lokacin da kika fara jin ciwo." Sai ka yi shiru. A cikin labarin ne za ka ji cewa maigidan ba ya gari, cewa uwar mijin ta ce a ɗan jira tukuna, cewa mai a-daidaita-sahun unguwar ba ya fita bayan sha biyun dare, cewa a haihuwar da ta gabata an bar ta a kan benci. Ka tambayi abin da ya faru, kada ka tambayi ra'ayi. Ra'ayi kowa yana da na fita kunya.

Na biyu shi ne tsoron shiru. Sabon mai bincike da ya ji an yi daƙiƙa biyar ba a ce komai ba sai ya jefa tambaya ta gaba, ko ya ba da amsar da kansa: "Ko kuɗi ne babu?" Za a ce masa e, domin ba a son musu da baƙo. Daga nan bayanin ya zama nasa, ba na matar ba.

Na uku, wane ne mai tambayar. A gidan da aka rubuta "ba a shiga", namiji ba zai wuce zaure ba, kuma ko an fito masa da matar, ba za ta yi masa zancen naƙuda ba. Wannan ba sabuwar matsala ba ce. A 1949 da 1950, lokacin da M. G. Smith yake bincike a ƙasar Zazzau, matarsa Mary Smith ce ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, tana rubuta tarihin rayuwarta da Hausa, aka buga shi a 1954. Abin da ya fito daga bakin mace ɗaya game da aure, kishi, ƙawance da bauta, M. G. Smith ba shi da hanyar samunsa. Ɗalibi namiji da ya ɗauki batun haihuwa yana da zaɓi biyu: ya horar da mataimakiya, wadda ta yi aure ta haihu in son samu ne, su riƙa sauraren kowace hira tare a ranar da aka yi ta, ko ya juya tambayar zuwa magidanta, ya binciki yadda maza ke yanke shawara a daren naƙuda. Na biyun ma fili ne da bai cika ba. Budurwa 'yar jami'a ita ma tana da nata shingen, domin akwai maganar da matan aure ba sa yi a gaban wadda ba ta shiga ɗaki ba.

Tattaunawar rukuni

Ƙungiyoyin agaji sun sa wannan dabara ta yi farin jini, har ɗalibai suna ɗauka hanya ce ta yin hira takwas a zama ɗaya. Ba haka ba ne. Rukuni yana nuna maka abin da jama'a suka yarda a faɗa a fili: me ake ɗauka jarumta, me ake ɗauka ragwanci, me ake cewa game da wadda ta haihu a gaban likita namiji. Ba zai ba ka sirrin kowa ba. Matar da kishiyarta ko ƙanwar mijinta ke zaune a wurin ba za ta ce maigida ya hana kuɗin mota ba.

Ana haɗa mutum shida zuwa goma, na tsawon awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da mai jan ragama da mai rubuta wanda ya yi magana da wanda ya kawar da kai. Sharaɗin da ba a wasa da shi shi ne mahalarta su zama tsara. Ka haɗa amare da surukai, surukan ne kaɗai za su yi magana. Mai goyon ɗan fari, wadda al'ada ta ɗora wa kunyar ko ambaton sunan ɗan, ba za ta buɗe baki a gaban sa'ar uwarta ba. A ɓangaren maza, liman ko mai unguwa yana zama, an gama: duk wanda aka tambaya zai ce abin da malam ya faɗa shi ne. Irin waɗannan manya a ware su a yi musu hira ta daban, a girmama su da ita. Kuma rukuni ɗaya ga kowane aji bai isa ba, domin ba za ka san ko abin da ka ji ra'ayin ajin ne ko na mace ɗaya mai kaifin baki ba. Biyu shi ne mafi ƙaranci, uku ya fi.

Zama a gani da ido

Gani ya kori ji. Ka tambayi ma'aikaciyar ɗakin haihuwa yadda take karɓar mai naƙuda, za ta karanto maka abin da aka koya mata a makaranta, kuma ba ƙarya take yi ba, haka ta san ya kamata. Abin da ke faruwa da ƙarfe biyun dare, babu wuta, ita kaɗai ce a bakin aiki, wani abu ne dabam. Cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL da ke Yamai, wadda aka kafa a 2001, ta yi suna a kan nazarin wannan tazara tsakanin ƙa'idar takarda da yadda ake aiki a zahiri. A 2003 Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar da sakamakon binciken da aka yi a cibiyoyin lafiya na Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai, inda masu bincike suka zauna suna kallon yadda ake mu'amala da marasa lafiya. Sun nuna yadda wanda ya san wani a ciki yake samun kulawa, wanda bai san kowa ba ya sha jira da tsawa. Takardar tambayoyi da aka miƙa wa ma'aikatan ba za ta fito da wannan ba.

Sai dai dabarar tana cin lokaci. Abner Cohen ya shafe fiye da shekara guda a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 kafin ya fahimci yadda Hausawa suka riƙe cinikin goro da na shanu. Ɗalibin da ke da wata uku kada ya rubuta cewa ya yi etinogirafi, wato dogon zama cikin jama'a ana nazarin rayuwarsu. Abin da zai iya shi ne lura mai iyaka: wuri ɗaya, misali layin awo, sau goma sha biyu zuwa ashirin, a ranaku da lokuta mabambanta. Makon farko ba a cika samun komai ba, domin kowa yana gyara zama saboda baƙo, an ɗauka mai sa ido ne daga ma'aikata. Sai an saba da fuskarsa ake komawa yadda aka saba.

Littafin rubutu shi ne kayan aikin. A wurin ana ɗan taƙaita kalmomi, a cike su a daren ranar, kafin a yi barci. Awa ɗaya ta kallo tana bukatar kusan awa biyu ta rubutu. A raba shafi gida biyu, abin da aka gani a gefe ɗaya, abin da aka fahimta a ɗayan. "Nas ta wulaƙanta matar" fahimta ce. Abin da aka gani shi ne: matar ta yi sallama sau biyu, nas tana waya, ba ta ɗago ba, bayan minti shida ta miƙa hannu ta karɓi kati. Ɗan gari yana da matsalar da baƙo ba shi da ita: ya saba da komai, don haka ba ya rubuta komai.

Takardu su ma bayanai ne, kuma ɗaliban zamantakewa sun bar wa na tarihi su. Rijistar awo da ta haihuwa a ƙaramin asibiti za ta nuna maka unguwannin da ake zuwa awo amma ba a dawowa haihuwa, ka san inda za ka nufa da hirarka. Wanda tambayarsa ta taɓa zamanin Turawa, akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna. A tuna dai cewa kowace takarda wani ne ya rubuta ta don wani ya gani, kuma rijistar da ake aika alƙalumanta sama tana iya yin kyau fiye da gaskiya.

Sunayen mazhabobi, da maganar mutum nawa

Littattafan dabarun bincike suna jero mazhabobi: nazarin yadda mutum ya ɗanɗani abin da ya same shi, nazarin misali guda, tarihin rayuwa, etinogirafi, da gina ra'i (wato bayanin da ke fassara yadda abu yake faruwa) daga bayanan fili. Ɗalibi yakan zaɓi sunan da ya fi armashi ya liƙa a babi na uku. Mai jarrabawa na waje da ya san aikinsa a nan zai kama shi. Gina ra'i daga bayanan fili, wanda Barney Glaser da Anselm Strauss suka shimfiɗa a 1967, yana da sharuɗɗa: ka yi hira kaɗan, ka nazarce su, abin da ka gano ya nuna maka wanda za ka nema gaba, ka koma fili, haka har ra'i ya tsaya da ƙafarsa. Wanda ya tattara hirarsa duka cikin mako biyu na hutu, ya dawo ya fara nazari, bai yi wannan ba. Babu aibi ɗalibi ya rubuta cewa ya yi hira da tattaunawar rukuni, ya fitar da jigogi. Ga kundin digiri na biyu wannan ya wadatar, kuma shi ne abin da zai iya karewa.

Sai rigimar adadi. Malamai da dama sun taso ne a kan ƙididdiga, sun saba da lissafin Taro Yamane da ke kai mutum kusa da 400, ko jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 mai 384. Idan ɗalibi ya ce mutum ashirin da huɗu zai yi hira da su, sai a ce wasa yake yi. Waɗancan lissafe-lissafen an yi su ne don a ƙiyasta adadi a cikin jama'a, ba su da hurumi a nan. Ma'aunin a nan shi ne inda sababbin hirarraki suka daina kawo sabon abu. A 2006 Greg Guest da abokan aikinsa suka nazarci hira 60 da aka yi da mata a Gana da Nijeriya, suka ga mafi yawan jigogin sun riga sun bayyana cikin 12 na farko. A 2022 Monique Hennink da Bonnie Kaiser suka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje, suka samu hira 9 zuwa 17, ko rukuni 4 zuwa 8. Amma a karanta sharaɗin: mutane iri ɗaya, tambaya ƙunƙuntacciya. Idan za ka kwatanta matan birni da na ƙauye, kowane ɓangare yana bukatar nasa adadin.

Ba a zaɓar mutanen da ƙuri'a, da gangan ake zaɓarsu don su bambanta: mai haihuwar fari da ta je goyon ciki gidan iyayenta, mai 'ya'ya bakwai, wadda ta taɓa rasa jariri, ungozoma, uwar miji. A nemi musamman waɗanda suka saɓa wa zato, kamar wadda gidanta ke jikin katangar asibiti amma ta haihu a gida, da wadda ta taso daga nesa ta haihu a asibiti. Su ne ke rushe bayani mai sauƙi irin "nisa ne". Idan kuma ka bar mai unguwa ya zaɓo maka, 'yan gidansa da masu yi masa biyayya za ka samu. Ka bi ta hannunsa, domin ba a shiga gari ta bayan hakimi da dagaci, amma ka buɗe wata ƙofar ta biyu, ta makarantar Islamiyya ta matan aure ko ta mai kitso.

Izini yana da tarihi mai ɗaci a nan. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003, sun bar mutane da shakkar duk mai zuwa da takarda yana neman sa hannu. Ka nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike tun da wuri, domin yakan ɗauki makonni, kuma ka roƙi a yarda maka da izinin baka da za a naɗa. Izinin miji yana buɗe ƙofa, amma ba ya maye gurbin na matar. A tambaye ta ita kaɗai, a ba ta damar ƙi. A faɗa tun farko cewa ba tallafi aka zo rabawa ba. In ba haka ba, kowa zai zama matalaucin da bai taɓa ganin asibiti ba. Sauya suna kuma bai isa ɓoye mutum a ƙauye ba: "ungozoma mai shekara sittin" a garin da ungozoma ɗaya ce, an faɗi sunanta.

Lissafin da ba a yi kafin a fara

Awa ɗaya ta hira tana ɗaukar awa huɗu zuwa shida kafin a mayar da ita rubutu, ta rukuni ta fi haka saboda mutane suna magana a lokaci guda. Hira 24, a kan awa shida kowace, awa 144 ke nan. Mai yin awa huɗu a rana zai shafe kwana 36 bai fara nazari ba. Kowace hira takan ba da shafi goma sha biyar zuwa ashirin. Idan za a fassara duka zuwa Turanci, a ninka lokacin. Shawarar da ta fi ita ce a rubuta da Hausa, a yi nazarin da Hausa, a fassara guntayen da za su shiga kundi kaɗai. Kada a tara sai an gama: a rubuta hira biyu na farko nan take, domin a nan mai bincike zai ji kansa yana katse mutane, ya gyara tun da saura.

Wayar hannu ta isa naɗar sauti, muddin an kashe layi don kada kira ya yanke, an nisanci janareta da fanka, an kuma kwafe fayil a wuri biyu a ranar. Ruwan sama a kan kwano yana cinye hira ɗungurungum. Da damina manoma suna gona, da azumi mata suna kicin tun la'asar, ranar kasuwa ba a samun kowa.

Nazarin kansa, hanyar da Virginia Braun da Victoria Clarke suka tsara a 2006 mai matakai shida ita ce mafi sauƙin bi. A taƙaice, ka karanta komai har ka saba da shi, ka riƙa sa wa kowane guntun magana ɗan laƙabi a gefe, ka tara laƙuban da suka yi kama, ka koma ka gwada su da bayanan, sannan ka raɗa wa jigogin suna ka rubuta. Manhajoji irin su NVivo da ATLAS.ti na kuɗi ne, Taguette da QualCoder kyauta ne, amma babban aikinsu shi ne adana laƙubanka. Mai hira ashirin zai iya aikin da birai masu launi da almakashi. Inda aka fi faɗuwa shi ne a ɗauki tambayoyin jagora a mai da su jigogi: "dalilan tattalin arziki", "dalilan al'ada", "dalilan addini". Waɗannan tun kafin a je fili aka san su. Jigo magana ce mai da'awa, wadda za a iya musantawa, alal misali cewa a idon matan awo kariya ce ga lafiyayyen ciki, ɗakin haihuwa kuwa wurin wadda haihuwa ta gagara ne. Idan bayananka suka nuna haka, ka kawo muryoyin da suka goyi baya, ka kawo wadda ta saɓa, ka faɗi hira ta nawa kowace magana ta fito, don mai karatu ya tabbata ba mace ɗaya ce kake ta maimaitawa da sunaye daban-daban ba.